Idan Mai Farin Kaya Ya Ce Shi Ɗan Sanda Ne

Jama'a masu sauraro, iyayenmu maza da mata, malamanmu, da samarinmu na Moshi Zango da sauran unguwannin Tamale, da duk wanda wannan murya ta isa gare shi, ko yana ɗaka, ko bakin shago, ko bisa hanya.

Maganarmu ta yau mai nauyi ce, domin ta shafi jini, jinin ɗan Adam kuwa yana daga cikin abubuwan da shari'a ta fi tsananta tsaronsu. Ga mas'alar. Mutum yana gidansa da dare, yana da bindiga a ƙarƙashin gado, ko mai lasisi ko ta gado, sai a buga masa ƙofa, ya leƙa ya ga mutane cikin kayan gida, ba hula ba lamba, ɗayansu ya ce su 'yan sanda ne, a buɗe. To, me ya wajaba a kansa? Amsar da zan bayar gajeriya ce, kuma zan yi ta maimaita ta har mu rabu. Kada ya gaskata da fatar baki. Kada kuma ya harba a kan zato. Ya tsaya, ya tabbatar.

Bari mu fara da faɗa wa kanmu gaskiya. Akwai bindigogi a gidajenmu. Akwai ta mafarauci, akwai ta manomi mai kwana a gona, akwai ta falke mai kai shanu da hatsi Techiman da Kumasi, wanda 'yan fashi suka taɓa tarewa a hanya ya rantse ba za a sake ba, akwai kuma waɗanda ake fitarwa ranar Damba ko jana'izar manya, a cika su da albarushi gari ya ɗauki ƙara. Yaƙin da aka yi a arewacin ƙasar nan a 1994, da fitinar Yendi ta 2002 wadda ta ci ran Ya-Na Yakubu Andani na Biyu, sun bar tsoro a zukata, tsoro kuwa shi ne babban dillalin makami. Wani bincike da aka yi a 2014 ya nuna cewa bindigogin da ke hannun jama'a a Gana ba tare da rajista ba sun haura miliyan ɗaya. Saboda haka wanda ya ce wannan magana ba ta shafe mu ba, bai san inda yake zaune ba. Ku tuna kuma irin zamanmu a zango, inda gida ɗaya yake ɗauke da iyalai da yawa, ɗaki manne da ɗaki, lungu ƙunci, kuma a lokacin zafi yara da mata suke shimfiɗa tabarma a tsakar gida su kwana. Harsashin da ya fita a irin wannan wuri, ko da ya kuskure wanda aka nufa, da wuya ya rasa wanda zai samu.

Sa'an nan mu dubi ɗaya ɓangaren. 'Yan sandan farin kaya gaskiya ne, kuma aikinsu halal ne a doka. Su ne muke kira si'aidi, ko 'yan sandan ciki, kuma hankali ma ya yarda cewa ba a kama ɓarawon babur ko dillalin ƙwaya da kayan sarki da jiniya, tun da zai hango ka daga nesa ya sulale. Amma abin da ya sauƙaƙa wa ɗan sandan ciki aikinsa, shi ne kuma ya sauƙaƙa wa mugu yaudararsa, domin faɗin “ni ɗan sanda ne” ba ya bukatar komai sai harshe. Bal ma kayan sarkin kansu ba su zama hujja yankakkiya ba. A ƙarshen watan Yuli na 2019, a nan bayan garinmu, a kan hanyar Kumbungu, aka harbe wata 'yar sanda, Kofur Agatha Nabin, tana bakin aikinta a shingen bincike, kuma rahotanni suka ce maharan suna sanye da kaya irin na soja, fuskokinsu a rufe. A watan Janairu na 2019 ɗin, a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Akra, ƙasa duka ta ga mutane masu rufaffun fuskoki riƙe da bindigogi, ana cewa jami'an tsaron ƙasa ne, aka yi harbi aka raunata jama'a, har sai da aka kafa hukumar bincike ta Mai Shari'a Emile Short. A 2022 kuwa hukumar 'yan sanda da kanta ta sanar cewa akwai waɗansu jami'anta a cikin masu fashin motocin ɗaukar kuɗi. Wanda ya san waɗannan abubuwa, sa'an nan ya yi shakkar baƙon da ya buga masa ƙofa da tsakar dare, bai yi laifi ba, kuma ba a ce masa mai taurin kai.

To amma a nan ne maganar take juyawa, masu sauraro, kuma ina roƙonku ku ba ni kunnuwanku. Shakka ta halatta maka ka ƙi buɗe ƙofa. Shakka ba ta halatta maka jini ba.

Babu ɗan Gana mai hankali da ya manta da ranar 29 ga watan Mayu na 2017. Kyaftin Maxwell Adam Mahama, hafsan soja, wanda aka tura aiki yankin Denkyira-Obuasi, ya fita motsa jiki da safe cikin kayan gida, ya tsaya wurin waɗansu mata masu sayar da kayan abinci a bakin hanya, suka hangi ƙaramar bindiga a jikinsa, suka ɗauka ɗan fashi ne, domin garin yana cikin fargabar fashi, sai suka aika wa wakilin unguwarsu, wanda muke kira asambiliman. Kafin rana ta take, taron jama'a ya far masa da duwatsu da sanduna da bulo, suka kashe shi, suka cinna wa gawarsa wuta. Ya bar mata da 'ya'ya biyu ƙanana. Matan nan da suka ga bindiga suka tsorata, tsoronsu yana da dalili. Kai labari ga shugaban unguwa ma daidai ne. Inda aka ɓata shi ne wurin da zato ya zama hukunci, maimakon a tsare shi a kira 'yan sanda, alhali kuwa mutum guda ne a tsakiyar gari guda, ba inda za shi. A watan Janairu na 2024, bayan shekaru ana shari'a, kotu a Akra ta yanke wa mutum 12 ɗaurin rai da rai, har da shi wakilin unguwar. Gida ɗaya ya rasa uba a kabari, gidaje da yawa suka rasa nasu a kurkuku, duk saboda rashin haƙurin sa'a guda.

Kada wani ya ce ai wannan aikin jahilan ƙauye ne. A watan Agusta na 2019, a kan hanyar Ibi zuwa Wukari a jihar Taraba ta Nijeriya, 'yan sandan farin kaya sun kamo wani da ake zargi da satar mutane, Hamisu Wadume, suna tafe da shi a mota, sai sojoji suka buɗe musu wuta suka kashe uku daga cikinsu, wanda aka kama kuwa ya tsere, sai daga baya aka sake cafke shi a Kano. Rundunar soja ta ce ta ɗauka masu satar mutane ne, 'yan sanda suka musanta. Ko ma dai yaya ne, idan masu horo da rediyo a hannu suna iya faɗawa wannan rami, ina ga ni da kai da muka farka daga barci?

Ga kuma wani labari daga Amurka, wanda ya fi kusa da mas'alarmu, domin shi mai bindigar a cikin gida yake kuma da lasisinsa. A watan Maris na 2020, a birnin Luwisbil, 'yan sandan farin kaya suka je gidan wata mata mai suna Breonna Taylor bayan tsakar dare da takardar bincike, suka fasa ƙofa. Mutumin da ke tare da ita ya ce bai ji sun faɗi ko su wane ne ba, ya ɗauka ɓarayi ne, ya yi harbi ɗaya ya sami ɗan sanda a ƙafa. Suka mayar da ruwan harsashi, matar ta mutu nan take. Daga baya aka janye tuhumar da ake yi masa, birnin kuma ya biya iyalanta diyya mai yawa. Watau doka ta karɓi uzurinsa. Amma uzurin bai ta da wadda ta mutu ba. Ku riƙe wannan da kyau: mutum yana iya zama mai gaskiya a gaban alƙali, ya kuma zama ya yi hasarar da ba ta da mayarwa, domin da zarar ka ɗaga bindiga a gaban masu bindiga, ba kai kaɗai ka shiga hatsari ba, har da duk wanda ke bayanka a ɗakin.

Yanzu mu koma ga abin da malamanmu suka karantar da mu, domin wannan mas'ala ba sabuwa ba ce a wurinsu. Masu tafsiri da yawa sun ruwaito, a sababin saukar ayar tabbatar da labari da ke cikin Suratul Hujurati, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Walidu ɗan Uƙuba karɓar zakka wurin Banu Musɗaliƙ, suka fito taryensa, ya hango taronsu ya tsorata, ya juya ya kawo labarin cewa sun hana zakka kuma suna nufin kashe shi. Saura kaɗan a yaƙi mutanen da ba su da laifi, sai bincike ya bayyana gaskiya. Ga ma'aikacin hukuma, ga jama'ar gari, ga tsoro a tsakani, kuma maganin da aka saukar shi ne tabayyuni, a tsaya a bincika kafin a aikata abin da za a wayi gari ana nadamarsa. Haka nan ƙissar Usamatu ɗan Zaidu, wanda ya kashe mutum a fagen yaƙi bayan ya furta kalmar shahada, bisa zaton cewa tsoron takobi ne ya sa ya faɗa. Annabi ya tsananta masa zargi ƙwarai, ya nuna masa cewa ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin zuciyar mutumin. Idan a fagen fama ma furucin mutum yana tsayar da takobi har a bincika, to, a ƙofar gida ya fi cancanta ya tsayar da kunamar bindiga. Malaman fiƙihu sun halatta tunkuɗe mai kawo farmaki ga rai ko dukiya ko iyali, wannan babu saɓani, amma sun shar'anta a bi daraja daraja, a fara da mafi sauƙi, magana da gargaɗi da neman agaji, ba a kaiwa ga kisa sai in babu wata mafita. Shari'ar da ta faɗi haka kuma ita ce ta hana shiga gidan mutane sai da izini da sallama, a cikin Suratun Nuri, kuma ba ta ware mai muƙami ba.

Dokar ƙasa ma a kan wannan turba take. Dokar laifuffuka ta 1960 ta yarda mutum ya kare kansa, amma da gwargwadon larura, kuma ba ta yarda da kisa ba sai larurar ta kai matuƙa. Ta kuma mayar da shigar burtu da sunan ma'aikacin hukuma laifi. Tsarin mulkinmu na 1992 ya ce duk wanda aka kama, wajibi ne a gaya masa dalili nan take, cikin harshen da yake ji, ko Hausa ne ko Dagbani ko Moshi, a kuma gaya masa yana da haƙƙin ɗaukar lauya, sa'an nan a kai shi gaban kotu cikin sa'a 48 ko a sake shi. Kotun Ƙoli kuma ta yanke a 2019 cewa Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafin. Amma kada a ruɗe ku da cewa ɗan sanda ba ya kamu sai da takarda; akwai halayen da doka ta ba shi ikon kamawa ba tare da ita ba. Ita kuwa bindiga, lasisinta na shekara shekara ne, wanda kuma aka same shi da ita ba izini ya shiga babban laifi tun kafin ya harba ko ɗaya.

To, a aikace fa? Ga abin da nake ganin shi ne ma'auni, kuma ma'auni ne da kowane magidanci zai iya riƙewa ko da bai taɓa shiga aji ba. Ɗan fashi yana ƙin abu uku: haske, da shaidu, da jinkiri. Ɗan sanda na gaskiya ba shi da dalilin ƙin ko ɗaya. Saboda haka ka ba baƙonka waɗannan ukun, ka ga yadda zai yi da su. Ƙofarka tana rufe, ka kunna fitilar waje, ka yi magana da murya mai ladabi wadda maƙwabta za su ji, ka tambayi sunansa da ofishin da ya fito da sunan shugabansa, ka ce ya nuna katinsa ta taga, ka kuma gaya masa a fili cewa kana kiran caji ofis domin ka tabbatar. Lambobin gaggawa su ne 191, da 18555, da 112. Wani a gidan ya kira mai gida, ko liman, ko asambiliman, ko wani dattijo daga fadar sarkin unguwa. Idan na gaskiya ne, zai jira, ko da yana huci. Kana iya ce masa a turo motar 'yan sanda mai alama, ko kuwa kai da dattijo ku bi shi ofis. Idan na ƙarya ne, galibi kafin fitila ta uku ta kama a lungun ya riga ya nemi hanya. Bindigarka kuwa, duk wannan lokaci, tana inda take. Kada ka leƙo da ita, kada ka harba sama don tsoratarwa, domin wanda ke waje bai san sama ka nufa ba. In ta tabbata 'yan sanda ne kuma za su shiga, ka gaya musu da bakinka cewa akwai bindiga a wuri kaza, ga takardarta, hannuwanka a fili, ka bar su su ɗauko da kansu.

Na san wani yana cewa a ransa, to idan ɓarayi ne na sosai, ina tsaye ina tambaya su fasa ƙofa fa? Tambaya ce mai kyau, ba kuma zan raina ta ba. Wanda ya fasa maka ƙofa yana harbi, ba sallama ba magana, wannan hukuncinsa daban, kuma shari'a da doka ba su ɗaure maka hannu ba. Amma wanda ya tsaya yana magana, yana da'awar shi hukuma ne, ya riga ya ba ka lokaci, lokacin nan kuwa ya fi harsashi amfani a gare ka. Haka nan in a hanya ne, ka ga masu kayan gida suna jan wani zuwa mota, kada kalmar farko da za ta fito bakinka ta zama “ɓarawo”, domin kowa ya san abin da wannan kalma take haifarwa a kasuwar Aboabo ko a tashar mota. A kewaye su da nisa, a ɗauki lambar motar, a ɗauki hoto da waya, a buga wa ofis, waɗansu su bi su a babur har su ga inda aka shiga da shi. A tsaya, a tabbatar.

Saura magana ga hukuma, kuma ba zan rage mata komai ba, domin nauyin da ke kanta ya fi namu. Ranku ya daɗe, shugabannin 'yan sanda na wannan jiha, amana ba ta samuwa da tsawa. Mutanen zango ba su manta da samari bakwai da aka harbe a Manso Nkwanta a watan Yuli na 2018 ba, aka ce 'yan fashi ne, daga baya kwamitin bincike ya ce bai ga hujjar haka ba, aka dakatar da jami'ai 21, gwamnati ta biya diyya. Mutanen Tamale kuma ba su manta da Lamashegu ba, a watan Fabrairu na 2022, inda bin wata mota marar rajista ya kai ga harbi a fadar sarki, gari ya hargitse, saurayi ya rasa ransa. Jami'in da ya zo cikin kayan gida shi ne ya jawo shubuhar, saboda haka shi ya kamata ya gusar da ita: ya fito da katinsa tun kafin a tambaya, ya faɗi sunansa, ya zo da mai kayan sarki ko da ɗaya ne, kuma in ba larura ba kada ya zaɓi tsakar dare. Jami'in da ya ɗauki tambayar talaka a matsayin raini, har ya ɗaga masa hannu don ya ce a nuna kati, yana share wa 'yan fashi hanya ne, domin yana koya wa jama'a su buɗe ƙofa ga duk mai tsawa. Wanda aka zalunta kuma yana da inda zai kai kuka, ga sashen ladabtar da 'yan sanda, ga hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ, ga kotu, wadda tsarin mulki ya ba ta ikon sa a biya diyyar kamun da ba bisa ƙa'ida ba. Hanyar tana da tsawo, na sani, kuma tana gajiyar da talaka, amma mai rai ne yake bin ta.

Jama'ar Moshi Zango, roƙona gare ku kaɗan ne. Magidanta, ku zauna da samarinku yau ɗin nan ku yi wannan magana, domin galibi saurayi ne yake rigan kowa zuwa ƙofa. Ku sa lambobin nan a wayar kowa a gida, har da ta uwargida, tare da lambar dattijon da za a kira komai dare. Mai bindiga da lasisi ya sabunta shi, ya kulle ta inda yaro ba zai kai ba; marar lasisi ya nemi shugabannin unguwa su raka shi wurin hukuma a gyara. Limamanmu, muna roƙo ku ba wannan mas'ala huɗuba guda. Sarakunanmu da wakilanmu, ku gayyato shugaban 'yan sandan yankinmu ya zo ya zauna da jama'a, ya nuna musu yadda katin jami'insa yake, domin da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganinsa ba. Allah ya tsare mu da zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba, ya tsare gidajenmu da masu tsaronmu baki ɗaya.